Kakar da Barsu Ya Karye

Ku 'ya'yan Yaya Sanda, a kurmi aka haife ku, ba ku san kakanku ba sai a bakin mutane. Ranar da aka kawo ku gida da wayonku, za ku ji ana cewa Mamman Mai Kare ya mutu ba kowa a kansa sai kare. Za ku kuma ji ana nuna ni, gwaggonku Luba, ana cewa ga wadda ta goya kare har Aliero. Duka biyun an yi, ba zan musa ba. Sai dai masu faɗa daga ƙarshe suke farawa, ni kuwa ina so ku ji daga inda abin ya taso. Ban kai shekarun da ake zama a ba da labarin rayuwa ba. Ina rubutawa ne yanzu don tun da abin ya faru na daina ajiye magana sai gobe, kuma ko a yanzu da nake riƙe da biron nan, in wani abu ya karci ƙofa sai gabana ya faɗi.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙauyenmu, can gefen Sabiyal, daga shi sai gonaki. Bayan rasuwar Inna, ubanku ya bi motocin albasa zuwa kurmi ya zauna, ni kuma ina makarantar kwana a Jega. Gidan da a da ake jin luguden daka da faɗan kaji ya koma mutum ɗaya da kare ɗaya. Karen nan uwarsa irin ta Buzaye ce, wani mai raƙuma ya bar wa Baba ita, ubansa kuwa karen gari ne da ba wanda ya san mai shi. Ya ɗauko dogayen ƙafafu da siririn ƙugu na uwarsa, ya ɗauko faɗin kai da naci na ubansa. In yana kwance sai ka ce tarin itace ne, in ya tashi gudu ba ka ganin inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Da mutane suka dami Baba da maganar mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, bai yi musu da kowa ba, sai ya sa wa karen suna Barsu. Duk wanda ya zo da wa'azi, Baba zai juya ya kira karensa, mai wa'azi ya ji amsarsa.

Amma abin ya ci masa mutane. Aka daina cin tuwo a gidanmu, aka hana yara shigowa. A masallaci Baba ya koma ƙarshen sahu da kansa, don kada wani ya riƙa janye riga. Inna Tumba, maƙwabciyarmu da danga kaɗai ta raba mu, tana ajiye muciya a bakin ƙofa musamman don Barsu. Da kaka kuwa, in Barsu ya kamo zomaye, ba gidan da ke mayar da rabonsa. Ita Inna Tumba har cewa take a zaɓo mata mai kitse.

Shekarar da na gama sakandare ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, ana ta neman mata masu takarda su koyar. Aka ɗauke ni, aka ce in an gama girbi in tafi wata firamare a Maiyama. Na zauna gaban Baba ina murza bakin zane, na ce masa ba zan je ba, wa zan bar masa? Ya yi dariya har ya sa hannu ya share ido.

"Tahi abinki, ɗiyata. Wa yac ce maki ni kaɗai nike? Ga Barsu. Shi ka tashe ni da asuba, shi ka raka ni gona. In ina magana shina saurare, kuma bai taɓa ce man na cika surutu ba, ba kamar uwarki ba, Allah shi jiƙan ta."

A kan wannan maganar na amince. Ku riƙe ta, don duk abin da ya biyo baya a kanta yake tsaye.

Dawa na gab da nuna kurkunu ya fito wa Baba a idon sawu. Ƙafar ta kumbura ta yi sulɓi, kullum da safe yana zaune yana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe. Tsayuwa ma ta gagare shi, balle girbi. Dole aka kira gayya, Kawu Manu ƙanen Inna ya tattaro maza, ni na dafa fura da tuwo. Aka ɗora Baba a jaki aka kai shi gindin gawon da ke tsakiyar iyakar gonar, aka jingina shi.

Baba yana da yadda yake girbinsa, kuma ko da gayya bai yarda a canza ba. Ba a farawa daga gefe ɗaya a ƙare a ɗaya gefen. Ana kewaye gonar ne a riƙa sara ana matsowa ciki, zomayen da suka yi damina a cikin dawar suna jin ƙarar magirbi suna ja da baya, suna taruwa a tsakiya. In abin da ya rage a tsaye bai fi faɗin tsakar gida ba, sai a dakata. Wannan ragowar Baba ke kira tsibiri. Kowa ya yi shiru, mutum ɗaya ya shiga yana kaɗa kara, Baba kuma yana tsaye a baki da igiyar Barsu a hannu. A ranar nan ba shi da ƙafar tsayawa, sai ya miƙo mini igiyar. Maza suka fashe da dariya.

"Yau 'yar boko ka sakin kare!"

"Ku saurara da kyau, da Turanci za ta yi mai Bisimilla."

Baba bai kula su ba. Ya jawo ni kusa, ya rage murya.

"Kada ki sake shi don shina ja. Bari sai kin ga zomon da idonki, ki yi Bisimilla, kana ki buɗe hannu. In ya ƙwace da kainai, abin da ya kamo nashi na, ba mu ci. In ke kika aike shi, ɗan aike na, abin da ya kawo halal na."

Na tsaya a bakin tsibirin. Igiyar ba ɗauri ake mata ba, zarge ta ake yi a wuyansa a riƙe bakin biyu, in ka saki ɗaya ta zare. Ina jin jikin Barsu yana kyarma a jikin ƙafata, amma bai ja ba. Kara ya motsa, sai ga zomo ya fito kamar an harbo shi, kunnuwa a kwance. Na yi Bisimilla na buɗe hannu. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan gudun ba. Zomon ya yanke hagu, Barsu ya wuce shi ya yi kwana, ƙasa na tashi, zomon ya sake yankewa dama, Barsu ya sake binsa, suna tsallake kunya-kunya da karan da aka kwantar, maza na ihu suna kiran sunansa, waɗanda ba sa bari inuwarsa ta taɓa su. Can wajen iyaka ya sunkuyar da kai ya ɗauke shi. Ya dawo da shi a baki da ransa, ko fatar bai huda ba, ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya ajiye a gaban Baba. Kawu Manu ya sa wuƙa ya yanka.

Na biyun ne ya zo da tsautsayi. Na yi komai yadda aka ce, na gani, na ambaci Allah, na saki. Zomon ya nufi tsohuwar kunya inda gafiya ta yi ramuka a ƙarƙashin ciyawa. Barsu na tsakiyar gudu ƙafarsa ta gaba ta faɗa. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an taka busasshen kara. Ya wuntsila ya bugu da ƙasa, ya yi wani kuka da har yau nake ji in na rufe ido. Da muka isa yana ƙoƙarin tashi, ƙafar tana lilo daga ƙasan gwiwa.

Kawu Manu ya duba, ya girgiza kai, ya juya magirbinsa ya riƙe ta wajen ƙarfen, ƙotar a sama.

"Wanga ya ƙare. Mamman, kau da kai in hutar da shi."

Na waiga wajen gawo. Baba bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon kumburarriyar ƙafarsa, sai na ga ya zama ɗan ƙarami a jikin itacen nan. A lokacin na ga gidanmu yadda zai koma: ni a Maiyama, shi a tsakar gida yana magana ba mai ɗaga kunne. Ban san sanda na faɗa a kan karen ba. Na ji iskar ƙotar ta wuce ta bayan kunnena ta daki ƙasa. Da Kawu bai karkatar da hannu ba, da ba ni ke ba ku labarin nan ba.

"Luba! Kin haukace? Kina son ki sa ni kisan kai? Tashi, najasa na!"

Ban tashi ba sai da na ji sun ja da baya. Na ce Aliero zan kai shi, wajen masu ɗori. Wani ya ce a kama ni, rana ta taɓa ni. Jaki ɗaya gare mu, kuma shi zai mai da Baba gida, don haka na kwance mayafina, na ɗaure wa Barsu baki da ƙyalle, na ce a ɗora mini shi a baya. Ba wanda ya matso. Baba ne ya ja jiki a ƙasa ya taimake ni na goya shi, sannan ya ɗauki zomon da aka yanka ya danƙa mini.

"Ba a zuwa gidan ɗori hannu wofi."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Hanyar nan ban san yadda na yi ta ba. Nauyinsa ya fi na yaro, numfashinsa mai zafi a wuyana, in na yi tuntuɓe ya yi nishi. A fadama masu dashen albasa suka miƙe tsaye suna kallona. Mai amalanke ya tsaya da ya hango mace da goyo, da ya ga abin da aka goya ya kaɗa shanunsa. Da na shiga gari yara suka biyo ni, wata mata a bakin rijiya ta ɗaga murya.

"Barka da arziki, ƙawata! Namiji ko mace? Yaushe suna?"

Ban ɗaga kai ba. Tsoro nake ji, ba kunya ba: tsoron kada ya mutu a bayana in ci gaba da tafiya ban sani ba.

Gidan da aka nuna mini zaurensa cike yake da masu karaya, wasu daga nesa aka kawo su. Maɗorin tsoho ne mai farin gemu. Ya dube ni, ya dubi goyona, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, nan gidan mutane ne, in fita. Na juya zan fita. Ina kaiwa bakin ƙofa wata tsohuwa ta ja ni ta ce in zagaya baya, wajen rumfar albasa. Na sauke Barsu a can na zauna. Sai bayan la'asar tsohon ya zagayo da buzunsa, ya shimfiɗa nesa da mu.

"Ɗiyata, hannuna ba shi taɓa shi. Mutane na kawo man ɗiyansu. Ran da anka ji hannunga ya ɗora kare, ba mai sake zakuwa. Amma ba wanda yac ce bakina kada shi yi magana. Kina da ƙarhin zuciya?"

Na ce ban sani ba.

"To yau kina sani. Taka kahwaɗarshi da gwiwarki. Kama nan. A'a, ƙasa kaɗan. Ja, kada ki ji tausai, tausai ka gurgunta shi. Ja!"

Na ja. Barsu ya sandare, fitsari ya zubo masa, ni ma hawaye na zuba ban ga abin da nake yi ba. Tsohon ya ce ba da ido ake yi ba, in bi da yatsa har in ji bakin ƙashi ya sami ɗan'uwansa. Na ji wani abu ya zauna a ƙarƙashin yatsana. Tsohuwar ta miƙo mini tsagaggen kara da tsumma, na jera na naɗe yadda yake faɗa. Ya yi addu'a ya tofa daga inda yake zaune, ko iska ta kai ko ba ta kai ba, Allah ya sani. Da zai tashi ya nuna zomon da sandarsa.

"Shi ya kamo wanga?"

Na ce shi ne.

"An yi Bisimilla?"

Na ce da bakina.

"To a kai cikin gida."

A wajen matan gidan na kwana. Da safe na fito na tarar da Kawu Manu a tsaye da jakinmu. Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba, amma ya riƙe jakin har na ɗora karen.

Ƙafar ta kama, sai dai ta kama a karkace, ta fi sauran gajarta. Kurkunun Baba ma ya fita ya bar masa ɗingishi. Ranar da zan tafi Maiyama su biyu suka rako ni bakin hanya, kowanne na jan ƙafa, Baba na cewa yanzu ba mai yi wa wani gori. Kafin nan na leƙa ta danga na roƙi Inna Tumba ta riƙa duba Baba. Ta ce in dai karen na ɗaure. Na ce Barsu ba ya barin gefen Baba sai an aike shi, ba ya buƙatar ɗauri. Ta taɓe baki.

A Maiyama ɗaki ɗaya aka ba ni a gidan wata dattijuwa. Da rana hayaniyar yara, da yamma ni da fitila da littattafan da zan duba. Ban yi ƙawa ba, labarin goyon kare ya riga ni isa. Amma hankalina a kwance yake. In na tuna gida ina ganin Baba yana ba Barsu labarin farashin dawa da rashin kirkin mutanen yanzu, karen ya ɗora haɓa a ƙafarsa. Duk ƙarshen wata ina zuwa, in same su yadda na bar su.

Da bazara aka aiko a kira ni. Kafin in iso an riga an kai Baba makwancinsa. Abin da ya faru ba a bakin maza na ji ba, Inna Tumba ce ta ja ni bayan ɗaki ranar sadakar uku, ta riƙe hannuna da nata biyu, ba ta iya kallona.

"Luba, Barsu ya zaka. Da hantsi ya zaka ƙohwata shina kuka, shina kartar ƙyaure. Tunda nike bai taɓa yin haka ba. Na ɗauka yunwa ta. Na ɗauki muciya."

Daga gidanta ya tafi masallaci, yara suka kore shi da duwatsu. Ya tafi gidan Kawu Manu, ya same shi a zaure, ya kama bakin rigarsa da haƙori yana ja. Kawu ya buge shi, ya shiga ciki ya wanke rigar. Ya sake komawa wajen Inna Tumba, ta sake korarsa. Kowa ya ga karen Mamman yana yawo shi kaɗai da tsakar rana, abin da ba a taɓa gani ba, kowa ya ce karen ya lalace tunda ya gurgunce. Sai da aka yi la'asar aka yi magariba ƙarshen sahu ba kowa, sannan wani ya ce a leƙa. Suka sami Baba kwance tsakanin rumbu da randa, inda ya faɗi tun safe. Ƙasa ta nuna ya ja jiki. Jikinsa bai gama sanyi ba. Barsu na kwance a gefensa da jini a kunne, hannun Baba a kan wuyansa, daidai inda igiya ke zama.

Na san karen nan, na goya shi a bayana. Ba ya tafiya da kansa. In ya je ƙofar mutane, Baba ne ya buɗe hannu ya aike shi, ya dawo ba kowa, ya sake aikensa. Wannan shi ne abin da ke tashe ni zaune. Ba na ce da an zo da ya rayu ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da ya sami mai ɗiga masa ruwa, mai laƙƙana masa kalmar shahada. Ya yi aike, ɗan aiken ya isa kowace ƙofa.

Ba wanda ya sake maganar a kashe Barsu. Ya ƙi barin gidan, ni kuma ba inda zan ajiye shi a Maiyama. Inna Tumba ce ke miƙa masa ragowar tuwo ta saman danga. Har yau ba ta bari ya shiga gidanta, amma muciyar ta koma madafa.

Kakar da ta wuce na je girbin gonar, wadda Kawu Manu ya noma mana. Ya tattaro gayya ban roƙe shi ba, kuma ban ce komai ba na ga sun kewaye gonar suna matsowa ciki. Da aka zo tsibiri suka dakata. Ba wanda ya yi maganar 'yar boko. Kawu da hannunsa ya ɗauko igiyar daga reshen gawo ya miƙo mini. Na zarga ta a wuyan Barsu, muka tsaya a baki. Kara ya motsa, zomo ya fito, babba, ya miƙe fili. Na gan shi da idona, na yi Bisimilla, na buɗe hannu.

Barsu ya bi zomon da kallo har ya ɓace. Sannan ya juya, yana ɗingishi, ya tafi gindin gawo, ya shinshina wajen da aka jingina Baba bara, ya kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa.

Maza suka tsaya da magirbai a hannu. Can Kawu ya yi gyaran murya.

"Luba, a ida sarewa?"

Na ce a bar shi. Da na je ƙarshen watan jiya tsibirin na nan tsaye a tsakiyar gona, tsuntsaye sun cinye zangarniyar, shanun Fulani sun kewaye shi suna kiwo.

Na dawo ɗakina a Maiyama. Dattijuwar da nake gidanta ta ce ina damunta da buɗe ƙofa, wai ko motsin ƙadangare na ji sai na fito. Gaskiyarta. Yawanci akuya ce ke soshe jiki a ƙyaure, wani lokacin ma ba komai. Ina buɗewa dai.